Allon gudu a wurin aikin hanya: yaushe ya kamata lambar ta sauya?

Duk wanda ke bin hanyar Njamena zuwa Masaget da Masakori, ko ya haye gadar Ngeli zuwa Kusiri, ya saba ganin allo mai jan zobe da lamba 30 ko 50 a inda ake gyaran kwalta. To, shin lamba ɗaya ta dace dare da rana?

Masana hanya sun ce a'a. Idan allo ya ce 30 alhali ma'aikata sun tashi, hanya fayau, direba zai raina shi. Ran da leburori ke tsakiyar titi ma ba zai taka birki ba. A Ingila, tun 1995 aka kafa alluna masu lantarki a babbar hanyar da ta kewaye Landan, lambar na sauyawa gwargwadon cunkoso. A nan wajenmu, mai jan tuta da allon da ake ɗagawa ko a rufe su ne ke wannan aiki.

Yaushe ake rage gudu? Idan ma'aikata da katafila suna bakin aiki. Idan an karkatar da motoci zuwa hanyar ƙasa. Idan ƙurar hunturu ta rufe gaba, ko ruwan Agusta ya sa ƙasa santsi. Sai kuma ranar kasuwar dabbobi, lokacin da garke ke tsallakawa. In babu ko ɗaya, sai a maido da lambar yadda take.

Ga lissafin: mota mai gudun kilomita 30 a awa tana cin wajen mita 8 a daƙiƙa ɗaya, mai 90 kuwa mita 25. Kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Balle babbar mota da ta yi lodin shanu.

Ɗan kasuwa, kada ka matsa wa direbanka don ka riski iyaka kafin a rufe. Gara a kwana a Ngeli da a kwana a asibiti. Kai kuma makiyayi, kada ka ratsa da garke ta tsakiyar wurin aiki. Fara yi wa mai tuta magana ya tsayar da motoci, sannan ka kora. Allah ya kiyaye hanya.