Kwalba ɗaya, fuska biyu

Ana saura wata biyu bikin 'yar wana, ita da aminiyarta suka je wani shagon gyaran jiki aka yi musu abin da 'yan mata ke kira pilin: a shafa wa fuska ruwan asid, fatar sama ta mutu ta saɓule, sabuwa ta fito ba tabon ƙuraje. Rana ɗaya aka yi musu, daga kwalba ɗaya, da hannun mace ɗaya. Kafin wata ya zagayo fuskar aminiyar ta yi sumul. Ta amarya kuwa ta yi dabbare-dabbare: baƙin layi a saman leɓe da ƙasan gira, manyan tabo biyu a kumatu, sai wasu ƙanana masu karkataccen baki a haɓa. Goshi ne kawai ya tsira.

A gida wasu suka ce kambun baka ne. Uwarta ta ce jabun kaya aka shafa mata. Wannan zargin bai daɗe ba, don da kwalbar ce ke da laifi, da aminiyar ma ba ta sha ba. Muka nemi sanin abin da ke ciki, aka ce glycolic ne, kashi 30 cikin 100. Wannan asid, wanda asali ake samunsa a jikin rake, yana cikin masu sauƙi. Ana amfani da shi daga kashi 20 zuwa 70, kuma aikinsa ya tsaya a fatar sama. Masu shiga tsakiyar fata su ne irin TCA mai kashi 35, mai zurfi sosai kuma phenol, wanda har bugun zuciya ake sa wa ido yayin shafa shi. To me zai sa mai sauƙin ya yi wannan ɓarna?

Likitar fata da muka kai amarya wurinta ba ta fara da kwalbar ba. Ta tambayi yadda ranar ta kasance. Amarya ta ce ita ta ji zafi kamar ta tashi ta gudu, musamman a kumatu da saman leɓe, har wuraren suka yi fari-fari, aka ce mata alamar yana aiki ke nan. Aminiyar ɗan ƙaiƙayi kawai ta ji. Likita ta ce wannan farin ba abin murna ba ne a pilin mai sauƙi, shaida ce cewa asid ya wuce inda aka aike shi. Glycolic ba ya tsayawa da kansa. Yana ta nutsewa har sai an kashe ƙarfinsa da ruwa ko ruwan bakin soda, kuma zurfin da zai kai ya dogara da irin fatar da ya tarar. Ke nan wani abu ya riga ya buɗe masa ƙofa a waɗannan wuraren.

Ta ce mu ɗauki tabon ɗaya bayan ɗaya, don kowanne da mai shi.

Na saman leɓe da ƙasan gira bai ba da wahala ba. Layi ne miƙaƙƙe, daidai inda ake cire gashi. "Ƙanwata, yaushe aka yi miki halawa?" Kwana biyu kafin pilin, tare da dilka. Halawa idan ta fizge gashi tana tafiya da siririn ɓawon matattun ƙwayoyin fata da ke kare na ƙasa, dilka kuma gurza ce. Shi ya sa ake hana cire gashin fuska da duk wata gurza aƙalla mako guda kafin a yi pilin. Aminiyar ba amarya ba ce, ba ta shiga gyaran jiki ba. Wannan ne bambanci na farko tsakaninsu, kuma babu wanda ya tambaya a shagon.

Kumatu ne suka fi ɗaure kai, don ba a sa halawa a nan ba. Likita ta ɗauko ɗan madubinta mai fitila ta daɗe tana dubawa. Ta nuna mini wasu siraran jijiyoyin jini ja da suka bayyana a gefen tabon, da ɗan gashi mai laushi da ya tsiro, da yadda fatar ke sheƙi kamar leda. Ta tambaya ko tana shafa wani magani. Amarya ta ce a'a. Ta sake tambaya, wannan karon ta ce, "Wane mai kike shafawa?" Sai yarinyar ta dube ni ta ce, "Gwaggo, ai man nan ne na haɗi, na ganye ne, ba bilicin ba ne." Ta fi shekara tana shafa shi, ta fi kuma dannawa a kumatu inda tabon ƙurajen suke.

Robar ba ta da rubutun abin da ke ciki, amma fatar ta riga ta ba da shaida. Waɗannan alamu uku na steroid ne mai ƙarfi, irin clobetasol ko betamethasone, magungunan da ake rubuta wa masu cutar fata na ɗan lokaci, waɗanda masu haɗa mai ke matsewa cikin roba saboda suna sa haske da wuri. Idan aka daɗe a kansu fata tana sirancewa, kuma ba ta warkewa da sauri. Hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, sai dai abin da ya fi damuna shi ne irin wannan yarinya, wadda har zuciyarta ba ta san tana cikin lissafin ba. Ba ƙarya ta yi wa likita ba. A wurinta magani shi ne abin da aka sayo a kemis.

Saura na haɓa. Bakinsu a karkace yake, kamar an yage takarda. Nan ba a sha wahalar tambaya ba. Fata takan fara saɓa a kwana na biyu ko na uku, ta gama cikin mako guda, kuma doka ɗaya ce: a bar ta ta faɗi da kanta. Ita kuwa ana shirin kawo lefe, baƙi za su cika gida, sai ta sa farce ta ɗaye ɓawon, ta bi da soso. Ɓawon da bai nuna ba yana manne da ɗanyar fata, duk inda aka ja shi an yi sabon rauni.

Duk wannan ya bayyana inda aka ji ciwo. Bai bayyana dalilin da ciwon ya koma baƙi ba, bai kuma bayyana tsirar goshi ba. Likita ta ce ƙwayoyin da ke yin launi kusan adadinsu ɗaya ne a jikin Bature da namu, amma namu sun fi aiki, kuma kumburi ko rauni yana zaburar da su su zubo launi fiye da kima. Akwai ma'aunin fata da Thomas Fitzpatrick na jami'ar Harvard ya fara fitarwa a 1975, wanda yanzu ke da rukuni shida. Yawancinmu muna na 5 da na 6, inda wannan baƙin bayan rauni ya fi yawa. Saboda haka ne likitocin fata ke taka-tsantsan da pilin mai zurfi a baƙar fata, suke shirya ta mako biyu zuwa huɗu kafin ranar, wani lokaci su gwada a ɗan wuri a bayan kunne tukuna. Rana kuma ita ke hura wutar. Amarya ta yi ta zirga-zirgar kasuwa da wurin tela a makon da fatarta ke ɗanya, ba ta shafa man kariya daga rana ba, don ta ɗauka na fararen fata ne. Hijabinta yana saukowa har gira. Goshin bai sha halawa ba, bai sha man sosai ba, bai kuma ga rana ba.

Maganin bai zo da gaggawar da muke so ba. An janye ta daga man haɗin a hankali, don yanke steroid farat ɗaya yana sa fuska ta yi ja, ta yi zafi, ƙuraje su ɓarke, har mutum ya koma wa robar da gudu. Aka ba ta sabulu mai laushi, da man da ke riƙe danshi, da man rana mai lamba 30 ko sama, irin mai ɗan launi wanda ke tare hasken da ido ke gani, don shi ma yana ƙara wa fatarmu duhu. Sai da fatar ta huce aka fara azelaic don rage tabon. Likita ta hana wani pilin har sai an ga hali, ta kuma gaya mata gaskiya: launin da ya tsaya a fatar sama yakan dushe cikin wata shida zuwa shekara, wanda ya faɗa ƙasa, mai kama da toka, yana iya ɗaukar shekaru.

An yi biki da hoda mai kauri. Layin saman leɓe ne ya fara tafiya, na haɓa suka bi shi. Na kumatu sun yi haske amma suna nan, kuma jan jijiyoyin da steroid ya fito da su mai ba ya gusar da su, sai dai a yi musu aikin leza idan fatar ta ƙara kauri.