Ina Lissafin Doya Ya Shiga?

Ga kacici-kacici: wane rubutu ne ke ɓacewa ba tare da an goge shi ba?

A Kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, inda motoci ke sauke doya da lemo, ɗan ƙanwata ke riƙe wa maigidansa lissafin bashi a wata tsohuwar kwamfuta mai Linux. Yakan buɗe taminal, baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, ya kira jerin masu bashi da manhajar less. Sunaye su jeru reras. Da ya danna q don ya fita ya haɗa jimla, sai fit! Babu suna ko ɗaya.

"Kawu, wallahi yanzun nan suna nan."

Maigidan ya ce wuta ce ta yi rawa. To ai da batir kwamfutar ke aiki. Maƙwabcin rumfa ya rantse cutar kwamfuta ce ta cinye fayil ɗin. Muka zazzage shi da umarnin cat: ko kwabo bai ɓata ba, kuma rubutun ya zauna daram. Fayil lafiya lau. Saura wa?

Muka ja tagar sama. Wayam. Amma ku lura da abin da ya maye gurbin jerin: umarnonin da yaron ya rubuta tun kafin ya buɗe less, kowanne a layinsa. Ba a sake rubuta su ba. Wa ya adana su? A ina?

Na ce ya gwada TERM=vt100 less bashi.txt. Ya danna q. Muka zuba ido.

Jerin ya tsaya.

Ashe fuska biyu taminal ke da ita. VT100, na'urar da kamfanin DEC ya fitar a 1978, fuska ɗaya gare ta. Manhajar taminal ta xterm da masu koyi da ita sun ƙara ta biyu. Less na tashi sai ta duba kundin terminfo, ta ɗauko smcup, wato alamar \E[?1049h, ta aika. Taminal ta koma fuska ta biyu, kamar mai tebur ya shimfiɗa buhu a kan kayansa ya baje wasu a sama. Ana danna q sai rmcup, mai ƙarewa da ƙaramin l, ta naɗe buhun da duk abin da ke kansa. Fuskar nan ba ta ajiye abin da ya shige, shi ya sa jan taga sama bai tsinana komai ba. Da muka ce wa less taminal ɗin VT100 ce, sai ta nemi smcup ta rasa, ta yi rubutunta a fuskar asali.

Maganin gajere ne: less -X. Mai xterm na iya kunna titeInhibit, mai taminal ta PuTTY kuma akwai wurin hana sauyin a shafin Features. Ni dai ban so a rufe fuska ta biyu gaba ɗaya ba, don manhajar rubutu ta vim za ta riƙa bin aikin baya tana turmushewa. Yaron ya sa export LESS=-X a fayil ɗin .bashrc, ya bar sauran yadda suke.