Horon Malamai Domin Koyar da Karatu: Darasi Daga Jihar Misisifi



Makasudin wannan lacca shi ne bayani a kan yadda ya kamata a shirya malamin da za a danƙa wa yara domin ya koya musu karatu. Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya iya karatu ya iya koyar da shi. Wannan zato kuwa kuskure ne, domin yaro yakan koyi magana ta zama cikin masu magana, amma rubutu abu ne da ɗan Adam ya ƙago, sai an koyar da shi daki-daki.

A shekarar 1986 masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar abin da aka karanta tana tsaye ne bisa ƙafa biyu, watau iya haɗa haruffa su ba da kalma, da kuma sanin harshen kansa. In ɗaya ta karye, ɗayar ba ta iya ɗaukar nauyin ita kaɗai. Sa'an nan a shekarar 2000 wani kwamitin masana da Majalisar Dokokin Amurka ta sa aka kafa ya tace binciken da aka tara, ya fitar da ginshiƙai biyar: rarrabe sautukan kalma da kunne, danganta kowane sauti da harafinsa, karatu ba gargada, tara kalmomi, da fahimtar ma'ana.

Duk da haka, makarantun horon malamai da dama a Amurka sun daɗe suna koya wa ɗalibansu su bar yaro ya kintaci kalma daga hoto ko daga yanayin jimla. Yaro mai saurin ɗauka yakan tsira da wannan hanya, amma mai rauni, musamman mai larurar nan ta wahalar haɗa sauti da harafi da ake kira disleksiya, sai ya saba da kintace har ya girma. Keith Stanovich ya nuna, a 1986, cewa wanda ya iya karatu da wuri yakan yawaita shi ya ƙara ƙwarewa, wanda ya makara kuwa yakan guje shi, tazarar da ke tsakaninsu ta yi ta faɗi kowace shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, yaya ake gyara? Bari mu duba Misisifi, ɗaya daga cikin jihohin Amurka mafi talauci. A 2013 ita ce ta 49 a jarrabawar ƙasa ta karatun 'yan aji huɗu. A wannan shekara ta kafa doka, aka sake horar da malaman ƙananan azuzuwa bisa sakamakon bincike, aka kuma tura ƙwararru makarantu masu rauni, suna shiga aji suna duba koyarwa suna gyara wa malami. Aka riƙa gwada yara tun da wuri domin a gano mai rauni a ba shi ƙarin darasi, kuma wanda bai kai matsayin da aka ƙayyade ba a ƙarshen aji uku sai ya maimaita. Daga 2016 aka wajabta wa mai neman takardar koyarwa a firamare cin jarrabawa ta musamman kan tushen koyar da karatu. A 2019 jihar ta zama ta 29, a 2024 kuma ta 9.

Wajibi ne a faɗi cewa masana suna jayayya kan amfanin sa yaro ya maimaita aji, kuma ci gaban da aka gani a aji takwas bai kai na aji huɗu ba. Amma abin lura shi ne, an fara gyaran ne daga malami, aka kuma bi shi har cikin aji.

Dangane da mu kuwa, rubutun Hausa na boko ya fi na Ingilishi bin furuci, saboda haka aikin malaminmu ya fi sauƙi, muddin an koya masa shi. Ya kamata kowane ɗalibin kwalejin ilmi, kafin ya karɓi takardarsa, ya zauna da yaro mai rauni, ya gano ko sauti ne yake ɓace masa, ko harafi, ko ma'ana, ya kuma san maganin kowanne. Ku ma'aikata da ke tsara manhaja da kasafin kuɗi, wannan aiki yana hannunku.