Taken Fim da Taken Sarauta: Sirrin Kiɗan Enniyo Morikone

Gabatarwa

Da wuya a rasa dattijo a Dutsin-Ma ko Kurfi wanda ya kalli fina-finan kaboyi a zamanin ƙuruciyarsa, ko dai a sinima idan ya shiga birnin Katsina ko Kano, ko kuwa daga baya a gidajen kallon bidiyo. Galibin masu kallon sun manta da labaran, sun kuma manta da sunayen 'yan wasan. Amma da za a yi wa ɗayansu ɗan fiton nan da ke tashi idan gogan ya ɓullo a kan dokinsa, nan take zai gane shi, wataƙila ma ya ƙarasa shi da bakinsa. Mutumin da ya tsara mafi shahara daga cikin waɗannan kaɗe-kaɗe shi ne Enniyo Morikone, ɗan ƙasar Italiya. Tambayar da wannan maƙala za ta amsa ita ce: me ya sa ɗan gajeren kiɗa yake zama daram a cikin ƙwaƙwalwa shekara hamsin, alhali labarin da aka yi shi dominsa ya ɓace? Amsar tana cikin kimiyyar sauti da ta ƙwaƙwalwa, tana kuma cikin wani abu da Bahaushe ya daɗe da sani, wato take.

Wane ne Morikone?

An haifi Morikone a birnin Rum a shekarar 1928, ya kuma rasu a can a 2020. Mahaifinsa mabushi ne, shi ma ya koyi busa da tsara kiɗa a makarantar kiɗa ta Santa Ciciliya da ke birnin. Ya tsara wa fina-finai da wasannin talabijin fiye da 400 kiɗa. Sunansa ya fito ne lokacin da ya haɗu da mai shirya fim Sarjiyo Liyone, wanda suka yi makarantar firamare tare, suka yi fina-finan kaboyi guda uku a jere: A Fistful of Dollars a 1964, da For a Few Dollars More a 1965, da kuma The Good, the Bad and the Ugly a 1966, wato Nagari da Mugu da Mummuna.

A Amurka an saba yi wa irin waɗannan fina-finai kiɗa da babbar ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira, wadda takan ƙunshi mutum 80 zuwa 100: masu goge manya da ƙanana, da masu busa na itace, da masu busa na tagulla, da masu ganguna. Kuɗin da aka ware wa fim ɗin farko bai kai a ɗauki irin wannan runduna ba. Sai Morikone ya yi amfani da abin da ke hannu: fito, da ƙarar bulala, da ƙararrawa, da jita mai lantarki, da muryoyin mutane. Da kuɗi suka samu ya ɗauki cikakkiyar okestira, amma bai yar da waɗancan ba, ya gauraya su da ita. An ba shi lambar yabo ta Oska ta girmamawa a 2007, ya kuma ci wata a 2016 saboda kiɗan fim ɗin The Hateful Eight.

Take: kiran suna ba da baki ba

Hakimin Dutsin-Ma shi ne Yandakan Katsina, na Kurfi kuwa Maraɗin Katsina. A ranar hawan Salla, lokacin da hakimai ke wucewa da tawagoginsu, wanda ya san fada ba ya bukatar ya hango rawani kafin ya san mai tahowa. Ganga da algaita sun riga sun gaya masa, domin kowane basarake da takensa. Haka abin yake ga ɗan dambe da ɗan kokawa da manomi a wurin gayya. Take ɗan gajeren kiɗa ne da aka ɗaura wa mutum ɗaya, ya zama kamar sunansa.

Wannan dabara ce ginshiƙin kiɗan fim. A Turai, Bajamushen nan Ricad Wagna ne ya shahara da ita a wasannin waƙe na dandamali, musamman wani jerin wasanni huɗu da aka fara nunawa gaba ɗaya a 1876, inda jarumi da takobi da zobe kowanne yake da ɗan kiɗansa. Morikone ya kai dabarar wani mataki. A fim ɗin 1966 take ɗaya ne, wanda ya kwaikwayo daga kukan wata dabbar dajin Amurka mai kama da dila, amma ya raba wa mutum uku. Idan Nagari ne, sarewa ce ke busa shi. Idan Mugu ne, wani ɗan abin busa na yumɓu mai kaurin murya. Idan Mummuna ne, sai muryoyin mutane su yi kururuwarsa. Ma'anar a fili take: dukkansu uku halinsu ɗaya ne, zinariya suke farauta, kama ce kawai ta bambanta.

Abin da kunne yake ji

Sauti motsi ne na iska. Idan aka bugi fatar ganga sai ta yi karkarwa, ta tura iskar da ke kusa da ita, har motsin ya isa dodon kunne. Ana auna yawan karkarwar a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin da ake kira haz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga haz 20 zuwa kimanin 20,000. Karkarwa mai yawa ita ke ba da siririn sauti, kaɗan kuwa ta ba da mai kauri.

Abin da ke sa sauti biyu su dace da juna shi ne lissafin da ke tsakaninsu. Idan ɗaya yana karkarwa sau 300, ɗayan sau 400, wato uku bisa huɗu, kunne yakan ji su a sarari kamar kira daga nesa. Wannan tazara ce Morikone ya gina farkon takensa a kanta: sauti biyu ne kawai ake kai-da-komowa tsakaninsu da sauri, sannan wasu uku su amsa a hankali. Kakakin fada ma, da yake ba shi da ramukan yatsu, 'yan sautuka kaɗan masu faɗin tazara yake bayarwa, shi ya sa ba a ruɗa shi da komai. Idan kuwa tazarar ta matse ƙwarai, kamar 100 da 106, sai a ji ƙunci. Da irin wannan ne Ba'amurken nan Jon Wiliyams ya yi taken mugun kifin teku a fim ɗin Jaws na 1975: sauti biyu masu kauri, maƙwabtan juna, suna ƙara sauri kamar bugun zuciyar wanda ake bi.

Akwai kuma launin amo. Sarewa da algaita suna iya busa sauti ɗaya, amma ko yaro ba zai kasa bambanta su ba. Dalili shi ne kowane abin kiɗa yana fitar da wasu ƙananan sautuka a bisa babban, masu ninkinsa sau biyu, sau uku, har zuwa sama, kuma ƙarfin waɗannan ya bambanta daga wannan abin kiɗa zuwa wancan. Morikone gwani ne wajen zaɓen amo. A fim ɗin The Mission na 1986 ya ɗora take a kan obo, abin busa na Turai wanda ɗan'uwan algaita ne, domin dukkansu da ɗan kara mai leɓe biyu ake busa su. Amon ya yi kusa da muryar mutum mai roƙo, shi ya sa yake ratsa zuciya.

Abin da ƙwaƙwalwa take yi

Abu na farko shi ne maimaici. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robat Zayons, ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kawai yana sa mutum ya ƙara son sa. Taken fim gajere ne, ana kuma maimaita shi sau da yawa cikin sa'o'i biyu ko uku, saboda haka kafin a tashi ya zama ɗan gida.

Na biyu shi ne ɗaurin gwarmai tsakanin sauti da abin da ido ya gani. Duk lokacin da take ya tashi tare da mutum, ƙwaƙwalwa tana ƙulla su, har ya kai ga take shi kaɗai yana kawo mutumin da duk tsoro ko tausayin da ke tattare da shi. A fim ɗin Once Upon a Time in the West na 1968, Morikone ya rubuta kiɗan tun kafin a ɗauki hoto, aka riƙa kunna shi 'yan wasa suna tafiya a kansa. Busar da jarumin yake yi da ɗan abin busarsa na baki tana damun mai kallo tun daga farko, sai a ƙarshe ake bayyana cewa tana da nasaba da kisan yayansa.

Na uku shi ne jira. A 2011 masu bincike a Jami'ar Makgil ta Kanada suka auna ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan da suke so. Sun gano cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, mai haddasa jin daɗi, a daidai lokacin da tsikar jiki ke tashi, har ma da 'yan daƙiƙoƙi kafin wurin ya zo. Ashe ɗokin isowar abin da aka sani shi ma daɗi ne. Morikone da Liyone sun ci moriyar wannan a karawar ƙarshe ta fim ɗin 1966, inda mutum uku suka yi cirko-cirko a tsakiyar maƙabarta na tsawon mintoci, ba mai cewa uffan, kiɗa kaɗai ke hawa. Wanda ya taɓa ganin ɗan dambe yana tsuma tun makaɗi bai ƙarasa takensa ba, ya ga wannan aiki na ƙwaƙwalwa da idonsa.

Ga Bahaushe akwai wani ƙarin dalili. Hausa harshe ne mai karin sauti: hawa da saukar murya ne ke bambanta kukan yaro da kukar miya. Da wannan ne kalangu yake magana. Kunnen da ya tashi yana neman ma'ana a cikin hawa da saukar sauti ba zai ji taken fim baƙo ba, ko da bai san ko kalma ɗaya ta harshen fim ɗin ba.

Kammalawa

Fina-finan Hausa na bidiyo, waɗanda suka kankama da Turmin Danya a 1990, sun fi karkata ga waƙoƙin soyayya irin na Indiya, galibi da fiyano. Kiɗan da ke bin labari yana fayyace halin mutum bai sami irin wannan kulawa ba, alhali kayan aikin suna nan a gida: kotso da taushi da kalangu da kukuma da sarewa, kowanne da launin amonsa da kuma ma'anar da jama'a suka san shi da ita. Morikone bai jira kuɗi ba, da fito da bulala ya fara.

Sai dai take a kan makaɗi yake zaune, ba a takarda ba, kuma idan tsohon makaɗi ya rasu ba magaji, da abin da ya sani yake tafiya. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna kusa da fadojin Yandaka da Maraɗi. Ɗalibin harshe da na kimiyyar lissafin sauti za su iya haɗa kai su naɗi waɗannan take, su rubuta abin da kowanne yake faɗa, su auna sautukansa, tun masu kaɗa su suna da rai.