Ekuru mai kama tol

Daga Agadas zuwa Bilma akwai tafiyar fiye da kilomita 500 cikin rairayin Tenere. Babu kwalta. Motocin da ke bin wannan hanya, irin su Land Rover da Toyota Land Cruiser, suna ɗauke da bidon ruwa, da felu, da faifan ƙarfe na fidda mota daga rairayi. Ana ɗaure waɗannan kaya a jikin mota. Idan maɗaurin bidon ruwa ya ɓalle a gargada ba a sani ba, matafiya sun shiga hatsari.

To, yaya ake kafa maɗauri a jikin mota? Jikin mota tol ne marar kauri, bulon ba ya samun abin kamawa a cikinshi. Dole sai da ekuru a baya. Amma wurare da yawa a rufe suke kamar akwati, hannu ba ya shiga. A nan ne kanikawa ke aiki da wani ekuru na musamman, wanda ake kira « écrou à sertir » da Faransanci.

Kamfanin Goodrich na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, don maƙala roba a fikafikan jiragen sama. Siffarshi kamar guntun bututu ce. Yana da faffaɗan baki a sama. A ƙasa, daga ciki, akwai haƙoran da bulon ke bi. Tsakiyarshi kuwa ba ta da kauri, da gangan aka yi ta haka.

Ga yadda bakanike ke kafa shi.

Da farko yana duba abin da ke bayan tol, don kada ya huda waya, ko tiyon birki, ko tankin mai.

Sannan ya huda rami daidai da ekurun. Idan bulon ɗin na milimita 6 ne, ramin zai zama milimita 9. Na milimita 8 yana son ramin milimita 11. Sai ya goge bakin ramin, ya shafa fenti saboda tsatsa.

Daga nan ya ɗaura ekurun a bakin wata na'ura mai hannu biyu, ya zura shi cikin ramin, ya matsa. Na'urar tana jawo ƙasan ekurun zuwa sama. Tsakiyar nan marar kauri sai ta tattare, ta kumbura a bayan tol. Yanzu tol ya shiga tsakanin baki da kumburi, ya matsu gam. Bakanike ya kwance na'urar, ya ɗaura bulon.

Wanda ba shi da na'urar yana iya yi da dogon bulon, da ekuru na kullum, da rondel, da kile biyu. Kile ɗaya yana riƙe kan bulon kada ya motsa, ɗayan yana juya ekuru na kullum har na cikin ramin ya tattare.

Aikin yana son lura. Idan rami ya yi faɗi, ko matsi bai isa ba, ekurun zai dinga juyawa tare da bulon, ba ɗaurewa, ba kwancewa. Idan matsi ya yi yawa, haƙoran sun lalace. Shi ya sa bakanike mai hankali yake fara gwadawa a guntun tol kafin ya taɓa motar mutane.

Kuma wannan ekuru ba ya wuce ƙarfin tol ɗin da ya kama. Bido cike da lita 20 na ruwa ya fi kilo 20, don haka maɗaurinshi yana son ekuru da yawa. Ba a kafa ƙugiyar jan mota ko kujerar zama da shi. Waɗannan sai babban bulon mai ratsa ƙarfe mai kauri.

Tambayoyi

1. Mi ya sa bulon ba ya kama tol shi kaɗai?
2. Wane sashe na ekurun ne yake kumbura?
3. Bulon na milimita 8 yana son rami nawa?
4. Mi bakanike yake dubawa kafin ya yi huda?