Yaɗuwar Tsoro a Kasuwar Bashi: Daga Meziko Zuwa Ƙofar Marusa

Masana tattalin arziki sun aro sunan wannan al'amari daga bakin likitoci, suna kwatanta shi da annoba. Abin nufi shi ne, idan wata ƙasa ta gaza biyan bashin da ake bin ta, masu ba da rance sukan firgita su janye hannu daga sauran ƙasashe, har da waɗanda ba su taɓa saɓa alkawari ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda tun tuni ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Alal misali, a ɗauki wani attajiri a Kantin Kwari ta Kano, mai ba 'yan kasuwa atamfa bashi, cikinsu har da wani mai kanti a Ƙofar Marusa ta birnin Katsina. Ran nan sai babban abokin cinikin attajirin ya karye. Shi attajirin ma kamfani na bin sa, ga shi kuma bai san wanda zai karye gobe ba. Saboda haka sai ya ce daga yau ciniki kuɗi hannu, ya kuma aika a karɓo masa abin da ke waje. Mai kantin Ƙofar Marusa, wanda bai taɓa jinkirin biya ba, tilas ya karyar da kayansa, sannan ya matsa wa matan unguwa da suka ɗauki zane bashi. Dukiyarsa na nan yadda take jiya. Amana ce ta yi ƙaranci, ita ce kuwa jarinsa na ainihi.

Haka abin ya faru a duniya cikin 1982. A shekarun 1970 manyan bankunan Amurka da Turai sun cika da kuɗin ƙasashe masu arzikin mai, suka yi ta ba ƙasashe masu tasowa rance ba tare da dogon bincike ba. Daga 1979 Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa, nauyin bashin ya ƙaru. A watan Agusta 1982 Meziko ta sanar cewa ba za ta iya ci gaba da biyan bashinta ba, wanda ya kai kimanin dala biliyan 80. Kafin shekara ta ƙare, ƙofofin rance sun rufe wa Barazil da Ajantina.

Nijeriya ba ta cikin sahun manyan masu cin bashi a lokacin, amma tsoron ya iske ta a raunane. Kasuwar mai ta faɗi, har gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afirilu 1982. Kuɗin kayan da aka shigo da su ya taru ba a biya ba, bankunan waje kuwa suka daina tsaya wa 'yan kasuwar Nijeriya. A nan ne abin ya sauko kan talaka: madara da sukari da sabulu da shinkafa suka yi wuya, masana'antu suka rasa kayan aiki suka sallami ma'aikata. Gaskiya ne almubazzarancin cikin gida ya taimaka ƙwarai, bai kamata a ɗora wa Meziko laifin duka ba. Sai dai firgicin bankuna ne ya toshe hanyar samun sa'ida. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙi sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ta Janar Ibrahim Babangida ta ƙi rancen a 1985, amma ta ɗauki maganin a 1986, watau shirin SAP. A watan Satumba na shekarar aka karya darajar naira, dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu.

Irin wannan firgici ya sake tashi daga Tailan a 1997, da Girka a 2010. Na 2008 kuwa, wanda ya faro daga Amurka, ya zo zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina. Masu jarin ƙetare suka kwashe kuɗinsu, hannayen jari suka faɗi a Legas, bankunan da suka ba da rance don sayen su suka shiga uku. A watan Agusta 2009 Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba wa bankunan naira biliyan 420, don kada masu ajiya su ruga su kwashe kuɗinsu gaba ɗaya.