Kalmomin Motsi Cikin Ruwa a Turanci da Matsalar Fassara Su zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibin fassara yakan ji tsoron manyan kalmomin kimiyya da na shari'a, alhali kuwa ƙananan kalmomin da ya koya tun yana firamare su ne suka fi kayar da shi. Dalili shi ne ba ya waiwayar ƙamus a kansu, domin yana ganin ya riga ya san su. Wannan maƙala za ta duba wasu kalmomin Turanci masu nuna motsi cikin ruwa, don a ga yadda ma'anarsu take yaɗo har ta bar ruwan baki ɗaya.

2.0 Swim da Float

Ma'anar "swim" ta asali ita ce iyo ko ninƙaya. Amma idan Bature ya ce "my head is swimming", to jiri yake ji. Idan kuma aka ce abinci yana "swimming in oil", ana nufin an cika masa mai har ya yi tsamo-tsamo.

Ita kuwa "float" tana nufin zama a saman ruwa, kamar yadda gora take yi. Masana tattalin arziki sun ari kalmar don bayyana sakin kuɗin ƙasa, wato a bar kasuwa ta yanke masa daraja maimakon hukuma. Haka Ingila ta yi wa fam a 1972, haka kuma Babban Bankin Nijeriya ya yi wa naira a watan Yunin 2023. Mai fassarar da ya ce naira "ta taso saman ruwa" zai sa mai sauraro ya zaci ta yi ƙarfi, alhali faɗuwa ta yi. Haka nan "float an idea" na nufin jefa shawara don a ji ra'ayin jama'a. Abin da ya haɗa waɗannan ma'anoni shi ne siffar abin da ba a ɗaure ba, wanda igiyar ruwa take kai shi inda ta so.

3.0 Sink da Drown

A nan Turanci ya raba abin da Hausa takan haɗa a kalma ɗaya, wato nutsewa. "Sink" ita ce yin ƙasa cikin ruwa, "drown" kuwa mutuwa ce ta dalilin ruwa. Alal misali, jirgin Titanic da ya nutse a 1912 "sink" ya yi, mutanen da suka halaka a cikin teku su ne ake cewa sun yi "drown". Fassarar da ta dace da ta biyun ita ce "ruwa ya ci su", domin wanda ya nutse yana iya tasowa da ransa. Bugu da ƙari, "sink a well" haƙa rijiya ce, "drown out" kuma hayaniya ce ta danne muryar mai magana.

4.0 Dive da Wade

"Dive" ita ce faɗawa ruwa da ka, ko yin nutso irin na masunta. A filin ƙwallo kuwa faɗuwar ganganci ce da ɗan wasa yake yi don ya yaudari alƙalin wasa, a kasuwa kuma karyewar farashi ce farat ɗaya. "Wade" tana nufin ratsa ruwa da ƙafa, saboda haka wanda ya yi "wade through" wani dogon rahoto ya karanta shi ne da ƙyar.

5.0 Kammalawa

Wannan yaɗuwar ma'ana ba Turanci kaɗai ta shafa ba. Bahaushe yana cewa "kuɗin ruwa" da "ba ruwana" da "ruwan dare", kuma babu ɗaya daga cikinsu da Bature zai gane idan aka fassara masa kalma da kalma. Ƙamusoshi irin na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990 suna taimakawa ƙwarai, sai dai muhallin da kalma ta fito a ciki shi ne yake zaɓen ma'anar da ta dace. Wajibi ne mai fassara ya fara tambayar abin da ake magana a kai kafin ya ɗauki alƙalami. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Gwanintar mai fassara ita ce ya fid da ma'ana lafiya.